Murfin Bayan Mota da Ragunan Hardo Buba

Zuwa ga ɗiyata Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ki Alakos lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya saukar da ke cikin mutanen da za su riƙe ki da mutunci. Innarki tana gaishe ki, ko da yake tun shekaranjiya da kika fara haɗa kaya ba ta da aiki sai share ido da bakin zane tana cewa hayaƙi ne.

Kin san ni da surutu, amma akwai maganar da yau shekara biyu bakina ya kasa ɗauka, shi ya sa na koma ga biro. Ga ta a gajarce kafin in shiga kewaye-kewaye irin nawa. Makiyayan da aka tura ki ki yi wa dabbobinsu allura, babbansu Hardo Buba ne. Idan bai ce a kawo miki garke ba, ko gurguwar akuya ba za ki gani ba, kuma aikin da kika yi shekara uku kina karatunsa zai tsaya tun bai fara ba. Wannan mutum na yi masa ɓarna da motar nan da na damƙa miki, da murfin nan da ke bayanta. Ya san motar, tun daga nesa zai gane ta. Zan gaya miki yadda aka yi, amma bari in faro daga tushe, don kuskuren ba shi kaɗai ya zo ba, yana da yayye.

Shekara talatin da wani abu ina jan a-kori-kura tsakanin Gure da kwaruruka da kasuwanni, kafin idanuna su fara yi mini gardama. Rogo, albasa, dabino, kanwa, fulawa da sukarin masu shago, babu abin da ban ɗauka ba. Duk tsawon lokacin nan abin rufa kaya ɗaya na sani, bash, wato tamfol, da igiya. Ka ja, ka ɗaure, ka tokare da ƙafa ka ƙara ja, har tafin hannunka ya yi kanta. Ka yi tafiyar awa guda iska ta sami kafa ta shiga, bash ya kama dambe da kansa a bayanka, fat-fat-fat, har ka isa. Ka sauke kaya mai shago ya shafa buhu ya nuna maka rairayi a hannunsa kamar kai ka zuba. Ni na ɗauka haka aikin yake, haka kuma zai kasance har a naɗe ƙasa.

Sai ga yayanki Mamman ya aiko da wani dogon kwali daga Agadas, lokacin kina gida hutu daga makarantar kiwo. Muka buɗe, muka ga alluna uku baƙaƙe na alminiyon haɗe da juna ta gaɓoɓi, dogayen ƙarafa biyu, maƙalai shida cikin leda, ƴan tiyo biyu, da takarda mai zane-zane. Kin tuna abin da na ce? Na ce, “Yaron nan ƙofar ɗaki ya aiko mana, ko ya manta mota gare ni?”

Kika ce, “Baba, bari in karanta takardar tukuna.”

Na ce, “Ni da na taɓa sauke injin mota a tsakiyar tudun rairayi, takarda ce za ta koya mini ɗaura murfi?”

Na ɗauki kile, wato sifana, na ɗora ƙarfen hagu a bakin akori, akwatin bayan motar ke nan, na ɗaure maƙalansa uku tamau har jijiyar wuyana ta tashi. Na koma dama na yi haka. Da muka ɗora allunan, gefe ɗaya ya hau, gefe ɗaya ya rataya, ƙofar baya ta ƙi rufuwa da faɗin yatsa guda. Na zagi wanda ya ƙera, na zagi Mamman, na aika aka kira Kiyari mai walda. Shi kuwa Kiyari kin san shi, maganin kowace cuta a wurinsa yanka ne. Ya zo da injin yankan ƙarfe a kafaɗa yana murna.

Ke kika tare shi. Kika ce, “Baba Kiyari, don Allah a dakata mini kaɗan.” Kika kwance duk abin da na ɗaure. Kika goge bakin akori da tsumma, kika manna doguwar robar nan a gaba wajen kan mota, kika ɗora ƙarafan kika murɗa maƙalan da yatsu kawai, suna motsi. Kika sa muka ajiye murfin a naɗe a bayan gilashi, kika warware shi allo bayan allo, kina auna hagu da dama da ɗan yatsanki har suka yi daidai. Kika rufe ƙofar baya kika ga ta zauna. Sai a lokacin kika karɓi kile, kina ɗaure wannan kaɗan, ki zagaya ki ɗaure wancan kaɗan. Da kika danna allon ƙarshe sai muka ji ƙas.

Kiyari ya ajiye injinsa a ƙasa ya ce, “La ilaha illallahu. Wanda ya ƙera wannan ya taɓa zuwa Gure ya auna motarka ne, Ari?”

Kina wurin, kin ga duk wannan, amma ba ki san abin da ke cikin raina ba. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ke kama mutum idan ya ga abin da ya fi ƙarfin hankalinsa. Wani bawan Allah a wata ƙasa da ban san sunanta ba ya zauna ya yi tunanin bakin akorin motata, bai taɓa ganina ba, kuma ko faɗin gashi bai kuskure ba. Ga kuma ɗiyar da na goya a kafaɗa tana karanta masa tunaninsa daga takarda. Ban yaba miki ba ranar, cewa na yi dama abin da zan yi ke nan. Ƙarya nake, da kin bar mu da mun yanka shi.

To ki riƙe wannan, don za ki cire shi wata rana idan kaya masu tsawo suka kama, kuma za ki mayar. Kada ki ɗaure gefe ɗaya tamau sai komai ya zauna inda zai zauna. Kada kuma ki ɗaure da fushi irin nawa, ƙarfen ba ya son ƙarfi, lanƙwashewa yake. Hanyar Alakos gargada ce da rairayi, tana kwance bulon, wato noti, ba da sallama ba, saboda haka duk Juma'a ki bi maƙalan shida ki taɓa su da kile.

Bayan kin koma makaranta, ni da murfin nan sai da innarki ta fara yi mini ba'a, wai in kai masa shimfiɗa kawai mu kwana tare. Na ɗebo bokitin ruwa na sheƙa masa, na buɗe na shafa ciki, a bushe ƙamas, ruwan ya bi ta ƴan hanyoyinsa na gefe ya zubo ta tiyo a ƙarƙashin mota. Na sake ɗebowa don maƙwabta su gani. Tafiyata ta farko da fulawa da sukari, na isa na buɗe, na ja yatsa a kan buhu na duba, fari tas. A hanya kuwa shiru, babu fat-fat, har ina jin kukan tsuntsaye a cikin giginya. Na kulle ƙofar baya na tafi masallaci ban roƙi kowa ya duba mini kaya ba, abin da ban taɓa yi ba tunda na fara tuƙi. Ga naɗewar: ki buɗe ƙofa, ki ja ƴar igiyar da ke ƙarƙashi, allo ya ɗago ya kwanta kan ɗan'uwansa, su biyun su kwanta kan na uku, duk da hannu ɗaya. Aikin da ke cinye mini rabin awa da gumi ya koma na numfashi uku. Har yau idan na ji wannan ƙas ɗin sai na yi tasbihi ga Wanda Ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba.

Amma wayona bai bar ni ba. Na dubi tiyon nan biyu na ce ai ta nan rairayi zai hau, na cusa musu tsumma, da niyyar in cire kafin damina. Na manta. Ruwan farko ya same ni ɗauke da kanwa, ya cika hanyoyin gefen bai sami mafita ba, ya malala ciki. Kin san abin da ruwa ke yi wa kanwa. Ki bar tiyon a buɗe, lokaci-lokaci ki hura su da baki ki tabbata ba su toshe ba.

Na kuma shafa wa gaɓoɓin giris don in kyautata musu, rairayi ya bi giris ɗin ya zama kamar kwaɓin gini, sai da na yi yini ina kankarewa. Tsohon buroshi da ruwa sun ishe su. Wata rana kuma na naɗe shi ban ɗaure maɗauransa biyu ba, don ina sauri. Ina gangarowa daga tudu iska ta ɗaga allunan ta maka su a kan mota, na ɗauka taya ce ta fashe. Lotsawar tana nan ta gefen dama, ki duba za ki gani. Ko dai a rufe yake an ji ƙas ta gefe biyu, ko a naɗe a ɗaure, babu ta uku. A kasuwa kuma za ki ga mutane sun mai da shi benci. Ki tashe su da fara'a, kada ki ji nauyin kowa, ni har Kiyari na taɓa tasarwa da kofin shayinsa a hannu.

Waɗannan duka ƙananan kurakurai ne, kuma da ina da hankali da sun koya mini tsoron abin. Maimakon haka sai na riƙa cewa laifina ne, murfi ba ya laifi. Na kai inda na gaskata a zuciyata cewa duk abin da ya shiga ƙarƙashinsa ya tsira.

Damina ta fara, saura kwana kaɗan babbar Sallah. Na kai gishiri da dusa Alakos, a dawowa Hardo Buba ya tare ni da raguna uku zai kai kasuwar Gidigir. Ba baƙona ba ne. Shekara da shekaru ina ɗaukar masa dabbobi, man shanun da kika tashi kina ci a tuwo matarsa ce ke aiko wa innarki. Ragunan nan, Yagana, ke da kika karanci dabba da kin gan su sai kin tsaya. Farare sol, ƙahonni a murɗe, ƙirji kamar na maraƙi. Shekara guda iyalinsa na ciyar da su da hannu, kuma da su zai sayo hatsin da gidansa zai ci har kaka.

Muka ɗaure musu ƙafafu muka kwantar da su a baya, murfi a naɗe a ɗaure yadda ya kamata. Muka kama hanya da hantsi. Can gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya taso da iska. Na tsaya na fita na fara kwance maɗauran.

Hardo ya leƙo ya ce, “Malam Ari, me za ka yi?”

Na ce, “Rufe su zan yi, kada ruwa ya ɓata su. Su isa kasuwa fes, masu saye su ga farinsu.”

Ya ce, “Rago ba ya tsoron ruwa. Bar musu iska.”

Na ce, “Hardo, kai ka san dabba, ni na san mota. Wannan ba irin bash ba ne.”

Ya dube ni, ya dubi ragunan. Mutanensu ba sa jayayya da mai abu sau biyu. Na danna allunan a kansu, na rufe ƙofa na murɗa makulli.

Hadarin ya watse ko ɗigo bai sauke ba. Rana ta fito da zafin nan na damina mai maƙe wuya. A gindin wani tudu mota ta nutse cikin rairayi har ciki. Na rage wa tayoyi iska, muka kama haƙa, shi da hannunsa, dattijo mai furfura, yana karyo rassa yana shimfiɗawa. Sau ɗaya ya ɗago ya ce, “A duba su.” Na ce, “Bari mu fita tukuna, kada kasuwa ta watse.” Shi bai san inda igiyar buɗewa take ba, makulli kuma yana aljihuna. Na ji bugu daga baya sau biyu ko uku, na ce a raina gyara kwanciya suke. Daga baya ban ƙara jin komai ba, har na ji daɗi wai sun natsu.

Da muka isa Gidigir na buɗe ƙofa, zafin da ya bugi fuskata irin na tanderun mai burodi ne. Robar nan da ke hana ruwa shiga, ita ta hana iska. Baƙin allon da nake alfahari da shi ya sha rana ya dafa su. Biyu sun riga sun tafi, ba wuƙa, sun zama mushe, ko almajirin mahauci ba zai taɓa su ba. Na ukun harshe a waje, yana jan numfashin ƙarshe. Hardo ya zaro wuƙarsa ya juya shi gabas ya yanka kafin ya bi ƴan'uwansa.

Mutane suka taru. Na tsaya ina jiran ya ɗaga murya, wallahi da ya mare ni da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya roƙi mutum biyu suka taya shi jan mushen zuwa bayan gari. Ya dawo ya wanke hannu da ruwan jarkata. Na ce masa yanzun nan zan shiga kasuwa in nemo masa wasu a madadinsu.

Ya ce, “Malam Ari, ba da gangan ka yi ba. Kwanansu ne ya ƙare.”

Da aka feɗe wanda ya yanka, ya ciro cinya guda ya naɗe a leda ya miƙo mini, ya ce, “Ka kai wa iyali.” Na ce ya shigo in mai da shi gida. Ya ce, “Na gode, zan bi ƴan'uwa,” ya bi masu raƙuma. Na ga abubuwan mamaki a hanya, Yagana, na ga murfin nan, amma ban taɓa ganin abin da ya girgiza ni kamar mutumin nan tsaye cikin kasuwa, abincin gidansa na damina ya tafi, yana miƙo mini nama ba. Innarki ta dafa cinyar, na ce cikina na ciwo. Har yau ba ta san daga inda ta fito ba.

Sau biyu na ƙara bin hanyar. Waɗanda a da ke ɗaga mini sanda tun daga nesa, sai su juya suna duban dabbobinsu har in wuce. Ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya ƙara ɗora ko ɗan akuya a motata. Sai na daina zuwa, na ce muku hanyar na cin taya. Kunya ce ta hana ni komawa in tsaya a gabansa, kuma kowace rana da ta wuce komawar ta ƙara nauyi.

Saboda haka, ɗiyata, duk abin da ke numfashi kada ya shiga ƙarƙashin murfin nan a rufe, ko kaza ce, ko na tafiyar minti biyar ne. Dabba ko mutum, ki naɗe shi duka ki ɗaure. Akwatin sanyi na alluranki ma kada ki yarda da shi a can baya da rana, ki sa shi gaba kusa da ke, ki lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Murfin yana tsare kaya daga ruwa da rairayi da hannun ɓarawo, iyakarsa ke nan, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Idan kuma makiyayi ya gaya miki wani abu a kan dabbarsa, ko da takardarki ta faɗi wani abu dabam, ki tsaya ki saurara har ya gama. Sau ɗaya zai faɗa, idan kika tsallake ba zai maimaita ba.

Da na ɗauki biro, niyyata in ce miki kina isa ki fara zuwa wurin Hardo, ki gaya masa ke ɗiyar wane ce, ki ce mahaifinki na neman gafara. Har na shirya innarki ta cusa miki takardar nan cikin jaka, ki karanta bayan kin yi nisa. Yanzu da na rubuta abin da ya faru na karanta da idona, na ga wannan ma wani kuskuren ne zan ƙara. In ɗora wa yarinya a ranar aikinta ta farko kayan da ni na kasa ɗauka, in zauna a inuwa ina jiran labari? A'a. Ba ke kika murɗa makullin ba.

Gobe da safe da hannuna zan ba ki wannan takarda, ki karanta kafin ki tayar da mota. Idan kin gama, ki matsar da jakarki daga kujerar gaba, tare za mu tafi. Ke za ki tuƙa. Idan mun hango rugarsa ki tsaya nesa, ni zan sauka in ƙarasa da ƙafa, in faɗa masa a gaban mutanensa cewa ya gaya mini gaskiya na ƙi ji. Ban san abin da zai ce ba. Idan ya karɓa, alhamdu lillahi. Idan bai karɓa ba, aƙalla zai san laifin na wanda ke tsaye gabansa ne, ba na wadda ke cikin mota ba.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa hannunki ya zama waraka ga dabbobin bayin Allah, Ya kare ki a tudu da kwari, Ya dawo mana da ke lafiya. Ni kuma ki taya ni da addu'a, Allah Ya ba ƙafafuna ƙarfin wannan ƴar tafiya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Ari Shofer, Gure